Ina Jiran Ɗari da Goma

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙon duk uwar da rubutun nan ya faɗo hannunta ta daure ta kai ƙarshensa, ko da tukunya na kan wuta. Ba labari mai daɗi ba ne. Na canza sunayen mutane, don akwai wanda ba na so ya gane kansa in wata rana aka karanta masa. Lambobi ne kawai ban taɓa ba, yadda suka zo mini haka na kawo su.

Ni 'yar Kurni ce, aure ya kawo ni Matameye shekara takwas da suka wuce. Unguwarmu irin wadda da an gama shigar da hatsi rumbu sai ta koma ta mata da tsofaffi ce. Maza su kama hanyar Najeriya ci-rani, ba a ƙara ganin ƙeyarsu sai hadarin farko ya taso. Maigidana gadin wani shago yake yi a Legas. Daga ni sai ɗana guda a gidan, sai awaki biyu. Katanga ɗaya ta raba mu da Gwaggo Hassu, ƙanwar mahaifin maigidan, wadda yake barin mu a hannunta duk shekara. Ta riƙe amanar nan da ido biyu da kunne biyu, da baki ɗaya wanda ya fi su duka aiki.

Ɗan nawa ɗan fari ne, shekararsa shida. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rawar jiki a kansa gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ubansa ya laƙaba masa Mairake, don in ya samu rake ba ya jin kira. Ni ko wannan ba na faɗa a bainar jama'a. "Kai yaro" nake ce masa, shi kuma ya ce mini Inna.

Daminar bara maigidan ya dawo da wata tsaraba da ya fi ji da ita a kan atamfar da ya kawo mini. Abin auna zafin jiki ne, irin mai kama da bindiga da ake haska wa mutum a goshi a ƙofar shaguna lokacin cutar da ta sa aka rufe iyaka. A ɗakin gadi ya tarar da ita an yasar, mai shagon ya ce ya ɗauka. Ya sa mata batir, ya jera mu ya harbe mu ɗaya bayan ɗaya: ni casa'in da takwas, yaron casa'in da takwas, Gwaggo casa'in da bakwai. Har akuya bai bari ba. Yaron ya sa mata suna bindigar Baba. Da zai koma ya danƙa mini ita ya ce, "Ga likita nan na bar miki a gida. Wannan ba ta ƙarya."

Ciwon ya fara wata Lahadi a tsakiyar bazara, lokacin da randa ma ruwan ɗumi take bayarwa. Yaron ya shigo daga wasa ya ce kansa na sara, ya kwanta a tabarma ƙarƙashin rumfa. Na taɓa shi na ji zafi, amma a watan nan me za ka taɓa ka ji sanyi? Litinin ya ture tuwo. Talata na kama hannunsa muka tafi likita.

Da hantsi muka isa, muka tarar layi ya fito har gindin dogon yaro. Mata da goyo, kowace da karne a hannu, wato ɗan littafin da ake rubuta ciwo da magani a ciki. Ba mu ga cikin ɗakin ba sai bayan azahar. Majo, shugabar masu jinyar wurin, wata mata ce doguwa da gajiya ta gama cin fuskarta. Ta sa masa ma'auni a hammata, ta soki yatsarsa ta ɗiga jinin a wani ɗan abu, ta ce akwai masassarar cizon sauro. Ta yi rubutu a karne ta miƙo mini.

"Ki ba shi ƙwayar nan kwana uku," ta ce. "In ya gama jikin bai sauka ba, in ya kai tarant-nef, kar ki tsaya shawara da kowa, ki dawo mini da shi. Kina da abin awo a gida?"

"Ina da shi," na ce, har da ɗan ɗaga kai.

"To, talatin da tara. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Ba zan ɗora wa matar nan laifi ba, ta faɗi abin da ya kamata, kuma mata sun fi arba'in a bayana suna jira. Sai dai har gobe ina cewa da ma ta ƙara kalma uku, ta ce kawo in gani.

Juma'a ƙwaya ta ƙare, jiki bai sauka ba. Na ɗauko bindigar na haska masa, ta ce ɗari da ɗaya. Na haska wa kaina, ta ce casa'in da takwas. Ni fa na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, na san jikin mai lafiya talatin da bakwai ne. Amma tun da bindigar ta shigo gidan casa'in-casa'in take ba mu, muka ɗauka haka Najeriya ke lissafinta, kamar yadda kuɗinsu daban namu daban. Abin da ban sani ba shi ne inda talatin da taran majo ta faɗa a cikin wannan lissafin. Sai na aika wa mai bindigar saƙon murya.

"Salamu alaikum. Yaron nan dai jikin bai sauka ba. Majo ta ce in ya kai talatin da tara a mayar da shi, ita kuma bindigar ɗari da ɗaya take cewa. Yaya za a yi?"

Sai bayan la'asar amsa ta zo, ana jin ihun motoci a bayansa.

"Ke dai kin cika tsoro. Ai awon Faransi daban, na Ingilishi daban. A nasu mai lafiya ma kusan ɗari yake. Ke ba casa'in da takwas take ba ki ba? To kin gani, uku ne kacal tsakaninku. Sai ya kai kamar ɗari da goma ne ake cewa abu ya yi tsanani. In ya kai nan ki kai shi, ko Damagaram ne. Ki gaishe mini da Mairake."

Na saurari saƙon nan daga baya ya fi sau ɗari. Akwai "kamar" a cikinsa. Mutumin bai sani ba, ƙiyasi ya yi, irin na namiji da ba ya son matarsa ta ji ya ce bai sani ba. Ranar nan kam ban ji "kamar" ɗin ba. Ɗari da goma kawai na ji, na ɗaure ta a bakin zane.

A mako na biyu na samu aikin yi. Kullum in na sallame la'asar sai in haska masa, in ɗauki gawayi in rubuta lambar a bangon siminti na bayan ƙofa, inda mai shigowa ba zai gani ba. Asabar ɗari da ɗaya. Lahadi ɗari da biyu. Litinin ɗari da biyu. Talata ɗari da uku. Da safe in na ba shi siro, maganin ruwa na sauke zafi, sai jikin ya ɗan lafa, ya tashi zaune ya sha kunu cokali uku, in ce alhamdu lillahi an fara samun sauƙi. Rana na karkatawa zafin ya dawo ya ɗara na jiya.

Da ciwon mai hayaniya ne da na ruga tun farko. Wannan kuwa ciwo ne mai ladabi. Yaron ba ya kuka, ba ya shure-shure, yana kwance kawai yana bin kaji da ido. A lokacin yana koyon ƙidaya, kuma ya ji saƙon ubansa, don haka shi ma ya shiga lissafin.

"Inna, nawa yau?"

"Ɗari da biyu."

Sai ya lanƙwasa yatsu a hankali. "Saura takwas mu tafi Damagaram."

Bai taɓa shiga mota mai nisa ba. Ɗokin tafiyar yake yi, ni kuma in ce masa ya rufe mini baki, Allah kar ya kai mu.

Shawara kuwa na sha ta har ta ishe ni. Gwaggo Hassu ta buɗe idonsa ta leƙa ta ce shawara ce, ciwon da ke sa ido rawaya, ta kawo jiƙon saiwa. Matar da ke sayar mana da mai ta ce zafin gari ne, a yi masa wanka da ganyen dogon yaro. Wata ta ce a daina ba shi madara, wata ta ce madarar ce maganin. Na kira mahaifiyata a Kurni, ƙafa ta hana ta tafiya shekara biyu ke nan, muryarta na yankewa ta ce a yi haƙuri bazara ce, washegari ta aiko da rubutun sha a hannun wani ɗan kabu-kabu mai babur. Duk na yi, babu wanda na raina. Kowa ya leƙo ya ajiye tasa ya tafi, amma ban samu wanda ya zauna kusa da ni ya dubi yaron na tsawon dafa shayi ba.

Larabar makon nan, kwana ɗaya bayan ɗari da uku, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na sa hijabi, na ɗauki karne, na ce masa ya tashi. Muna kaiwa zaure muka yi kiciɓis da Gwaggo.

"Ina zuwa da ranar nan?"

"Likita, Gwaggo."

"Ba can kuka yini makon jiya ba? Ke 'yar nan, ɗan fari ne fa. A zamaninmu uwa ko kallon ɗan fari ba ta yi a gaban mutane, ke kuma kin mai da likita gidan kitso. Me uban ya ce?"

"Ya ce sai ya kai ɗari da goma."

"Yanzu nawa ne?"

"Ɗari da uku."

"To."

"To" ɗin nan ita ta mayar da ni ɗaki. Na cire hijabi na rataye. Ina jin haushin Gwaggo har yau, ba zan ɓoye ba, amma na fi jin haushin kaina. Kunya ce ta kama ni, kar a ce 'yar Kurni ba ta da kara, ta kasa ɗauke ido daga ɗan fari. Lambar nan ta zama mini takardar izini. Na ce ranar da ta cika babu mai buɗe baki, uban da kansa ya faɗa. Kuma don a yi adalci, da yammar ranar Gwaggon ce ta dama kunun tsamiya da hannunta ta miƙo ta kan katanga, ta ce a lallaɓa shi ya sha.

Ban taɓa sanin gida na da faɗi ba sai a kwanakin nan. Tsakanin azahar da la'asar unguwa kan yi tsit, sai kukan kurciya. In zauna a bakin tabarma ina yi masa fifita da karnen, salula a cinyata, ina jiran ta yi ƙara. Maigidan yakan aiko saƙo kwana bibbiyu. "Nawa yau?" In faɗa. "To da sauƙi, da saura." Ina jin muryarsa sai in ji sanyi a raina na ɗan lokaci, don ko ba komai wani ya raba nauyin da ni. Saƙon na ƙarewa in koma ni kaɗai da numfashin yaron.

Litinin ta mako na uku bindiga ta ce ɗari da huɗu. Leɓensa ya tsage, ciki ya fara gudu, yana magana shi kaɗai da rana tsaka ido a buɗe. Rake ya yi wuya a kasuwa a lokacin, amma na sa aka nemo mini gaɓa biyu. Na feƙe na sa masa a hannu. Ya riƙe, ya dube shi, bai kai baki ba. Har ƙudaje suka taru raken na hannunsa.

Alhamis da sassafe ya dafe ciki ya ce wani abu ya soke shi. Daga nan ya miƙe ya daina motsi, ko juya shi na zo yi sai ya riƙe mini hannu. Da hantsi saƙon maigidan ya shigo, ya ce ya turo 'yan kuɗi wurin mai canji, in karɓa in saya wa Mairake hanta ya ji ƙarfi. Ina da wata al'ada: duk sanda ya turo, kafin in je karɓa nakan sa mega, wato data, a salula in rubuta "naira en cfa" a wurin bincike, don kar a yi mini wayo. Akwatuna biyu ne ke fitowa, ka sa lamba a na hagu, canjinta ya fito a na dama. Ina cikin haka, karnen da nake fifita da shi na buɗe a cinyata, idona ya faɗa kan rubutun majo. Ta rubuta 38,5, ta yi ɗan zagaye a sama, ta sa harafin C.

Na ɗauko bindigar na haska masa. Ɗari da huɗu. A gefen lambar, can sama, akwai ɗan zagaye da wani harafi ƙanƙane kamar ƙwayar gero. F ne. Kusan shekara abin nan na gidana, ban taɓa lura da harafin ba.

Na dubi salula, na dubi karne, na dubi bindiga. Na ce a raina, in naira na da canji, ƙila wannan ma yana da shi. Na goge abin da na rubuta, na sa "104 F en C". Sai ga akwatuna biyu sun fito, sak irin na kuɗi. Na hagu an rubuta Farenhait a ƙarƙashinsa, na dama Selsiyus. A cikin na dama akwai 40.

Na ce ƙila kuskure na yi. Na goge na sa 98, nawa na mai lafiya, ta ba ni 36,7. Daidai ne ke nan. Na sa 103, ta ba ni 39,4. Na tashi na tura ƙofa na dubi bangon, na nemo inda ɗari da uku ta fara, na ƙirga layukan gawayi zuwa ƙasa. Kwana tara. Kwana tara ke nan da yaron ya wuce talatin da taran da majo ta ce kar in tsaya shawara da kowa.

Saura lamba ɗaya, kuma na san ba na son ganinta, amma na sa. 110. Ta ba ni 43,3. Nan take na tuna malaminmu na aji shida yana buga allo da sanda yana cewa in jiki ya kai arba'in da biyu mutum na bakin kabari. Ashe lambar da na zauna ina jira, wadda ɗana ke lanƙwasa yatsu yana ƙirga saura nawa, ba lambar da ake kai mai rai likita da ita ba ce.

Ban aika wa kowa saƙo ba. Na sunkuya na goya shi, yaro ɗan shekara shida, ƙafafunsa na dukan bayan gwiwata. Na zura karne da bindiga da salula a jaka. Gwaggo na bakin ƙofarta tana tsince wake.

"Ya kai ne?" ta ce.

"Ya wuce," na ce, ban tsaya ba.

Ɗan kabu-kabu ya sauke mu a ƙofar likita. Layi na nan kamar kullum, na ratsa ta tsakiyarsa. Wata ta ce, "Baiwar Allah, mu ma fa ba rawa muka zo ba." Na ce mata in nata ya kai arba'in ta biyo ni. Ban san ina da irin wannan bakin ba. Majo na ganin yaron ta ajiye alƙalami ta aika a kira dokta. Ya zo ya ɗora hannu a cikin, ya danna ya saki, yaron ya ƙwalla ƙara. Rabona da jin muryarsa da ƙarfi haka mako biyu.

"Tifoyid ce," in ji dokta, "kuma hanji ya huje. Sai an yi aiki, a Damagaram, yau ɗin nan." Ya juya wurin majo ya faɗi wata kalma da ta zauna mini har yau, perforasiyon. Sannan ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Madam, ina kike duk kwanakin nan?"

Ina nake? Ina gida, ina bakin tabarma, ina rubutu da gawayi. 

Mai cika takardar motar asibiti ya tambayi sunan yaron. Na waiga in ga ko akwai wanda zai faɗa a madadina, kamar yadda aka saba. Babu kowa a bayana. Na faɗi sunan ɗana da bakina a gaban mutane, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi.

A cikin mota ya buɗe ido ya ga itatuwa na gudu ta taga.

"Inna, ina za mu?"

"Damagaram."

Ya lanƙwasa yatsu, ya ce, "Ai ban kai ba. Saura shida."

An shiga da shi aiki bayan la'asar, aka fito da shi ana kiran magariba, da roba a hanci da wata a ciki da ƙarin ruwa a hannu. Masu aikin nan Allah ya saka musu, sun yi iya yinsu, ko da yake sai ka bi mutum sau uku kafin ya zo ya canza ruwan da ya ƙare, kuma kowane magani sai ka fita waje ka sayo. Na kira Gwaggo na ce a sayar da awakin. Ta sayar, ta aiko da kuɗin a hannun direban tasha, haɗe da fura a ƙwarya da zanenta guda, ta ce in riƙa shimfiɗawa. Maigidan kuwa da ya ji an yi aiki muryarsa ta canza. Ya ce yana neman wanda zai tsaya masa a gadin, da ya samu zai taso.

A ɗakin kowane gado da mutanensa, masu kawo abinci, masu karɓar juna in ɗaya ya gaji. Gadonmu ni kaɗai ce. In zan fita sayen magani sai in roƙi wata mata 'yar Yauri da ke jinyar 'yarta a gadon kusa ta sa mini ido. Matar nan ba ta san ni ba, ban san ta ba, amma ba ta taɓa buɗe kwano ba tare da ta turo mini ba. Ko sunanta ban tambaya ba, Maman Hadiza kawai nake ce mata. In rubutun nan ya kai gare ta, ta sani ban manta ba.

Rana ta biyu wata ma'aikaciyar jinya ta ga bindigar a bakin jakata, ta ɗauka ta haska wa kanta ta yi dariya.

"Wa ya bar miki ita a kan F? Ai wannan sai Amerika."

Ta buɗe murfin batir. A ciki akwai wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta tura shi da farce, ta rufe, ta haska mini a goshi. 36,8.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan, madam."

Na fita bayan ɗakin wurin famfo na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon.

Rana ta uku ya farfaɗo sosai, har ya gane ni ya nemi ruwa. Idonsa ya faɗa kan bindigar Baba ya ce in harbe shi. Na haska masa.

"Nawa?"

"Talatin da tara."

Ya zaro ido. "Daga ɗari da huɗu? Inna, ashe na warke! Ki gaya wa Baba."

Na danna salula na kai bakinsa ya faɗa da kansa. Saƙon na nan, daƙiƙa shida ne. Uban ya amso yana ta hamdala, ya ce ya samu mai tsaya masa, gobe zai kamo hanya, zai zo da rake ko daga ina ne.

Rana ta huɗu zafin ya sake hawa, cikin ya kumbura. Dokta ya ce dafin ya riga ya bi jini tun kafin a zo. Rana ta biyar da hantsi, ina riƙe da hannunsa, Maman Hadiza na tofa masa addu'a, Allah ya karɓi abinsa. Aka kawo shi Matameye aka rufe bayan la'asar. Uban na kan hanya a lokacin, a waya aka gaya masa.

Na san rai na hannun Allah, kuma ba na jayayya da ƙaddara. Amma ga abin da na zauna rubutawa dominsa. Gidaje da yawa a garin nan akwai irin bindigar nan, mazanmu sun kawo daga ci-rani. Ki ɗauko taki yau, tun kowa na lafiya, ki dubi ɗan harafin da ke gefen lambar. In C ne, awonki ɗaya da na likita. In F ne, ki sani ɗari da biyu ta riga ta taɓa talatin da tara, ɗari da huɗu kuwa arba'in ce cif. Ki rubuta lambar a wurin binciken salularki, ki sa F en C, ba ya cin megan da saƙon murya ɗaya ke ci. Ko ki kai ta likita a tura miki maɓallin. In kuma jikinki ya ba ki cewa ɗanki ba daidai yake ba, ki goya shi ki tafi, ko ɗan fari ne, ko wa ke zaune a zaure.

Daren da aka rufe shi ban taɓa bangon ba. Washegari da safe, kafin mata su fara shigowa gaisuwa, na kwafe lambobin nan duka a bayan karne, sannan na ɗebo ruwa da soso na wanke bayan ƙofa tas. Maigidan bai yi lakwal ba, amma yana karanta lamba.

Ya iso da azahar, da ƙurar kwana biyu a jikinsa da ɗaurin rake a hannu, don ya riga ya saya kafin a kira shi. Ya ajiye raken a zaure, babu wanda ya taɓa shi har ya bushe. Sai bayan addu'ar uku, da mutane suka watse, muka samu zama mu biyu a ƙarƙashin rumfa. Ya rame, idonsa ya yi ja. Ya ce in kawo masa bindigar. Ya juya ta a hannu, ya haska wa kansa, ya ga talatin da shida da wani abu.

"Ta lalace ne?"

"A'a. A likita aka mayar da ita awon nan gida."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon tabarmar da yaron ya yi jinya a kai. Sannan ya yi tambayar da na san tun daga Legas ya taho da ita, bai dube ni ba.

"Ranar da kika kai shi, ya kai ɗari da goman?"

Karnen na cikin ɗaki a ƙarƙashin katifa, salula na hannuna, akwatunan nan biyu ba su fi taɓawa uku ba. Na dubi mutumin nan da ke kwana a bakin ƙofar wani shekara da shekaru don mu ci, wanda ya ɗauko abin da aka yasar ya kawo gida yana murna ya bar mana likita.

"Ya kai," na ce.

Ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. "To alhamdu lillahi," ya ce. "Ba mu yi sakaci ba ke nan. Kwana ne ya ƙare."

Na ce masa haka ne. Na tashi na shiga ɗaki na tura ƙofa, na tsaya a bayanta, inda simintin ya fi ko'ina tsabta.